Wa Ke Raba Gardama Bisa Ma'anar Littafi Mai Tsarki?

Darasi domin ƙungiyoyin nazari na Ikklisiya Katolika

Kafin a shiga darasin nan, sai mutum ɗaya ya tashi ya karanta Ayyukan Manzanni 15:1-35 da murya mai ƙarfi, saura kuwa su bi shi cikin nasu littattafai. Kada a yi gaggawa, gama yawancin abin da za mu faɗa ya rataya ga wannan sura.

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, mutum biyu su kan karanta aya ɗaya cikin harshe ɗaya, kowannensu ya yi addu'a tukuna, sa'an nan su tashi da ma'ana biyu masu saɓa wa juna. Wannan ya ce a yi wa jariri baftisma, wancan ya ce a bari sai ya yi hankali. Wannan ya ce gurasar da ke bisa bagadi jikin Ubangiji ne, wancan ya ce alama ce domin tunawa. Sau da yawa dukansu biyu masu tsoron Allah ne, babu maƙaryaci a cikinsu. Duk da haka ba shi yiwuwa su yi daidai su duka. To, wa zai raba gardama? Tambayar nan ta raba gidaje, ta hana aure, ta tsaga jama'a ɗaya ta zama uku. Saboda haka ya wajaba kowane mai bi ya san amsar da Ikklisiya Katolika ta bayar, da dalilanta, da iyakarta kuma.

1. Gardamar da ta sa Manzanni suka zauna

A Antakiya ta Suriya al'ummai da yawa, watau waɗanda ba Yahudawa ba, sun ba da gaskiya ga Yesu. Sai waɗansu suka zo daga Yahudiya suna koya musu cewa babu ceto sai da kaciya bisa ga shari'ar Musa. Kada mu zaci mutanen nan ba su da hujja. Suna da ita, gama cikin Farawa sura 17 Allah ya ba Ibrahim kaciya ta zama alamar madawwamin alkawari. Ubangijinmu kansa an yi masa kaciya a rana ta takwas. Bulus da Barnaba suka yi musu da su ƙwarai, amma maganar ba ta mutu ba.

Da sun ga dama, da kowane sashi ya gina nasa ɗakin sujada, na masu kaciya gabas da kasuwa, na marasa kaciya yamma da ita. Ba su yi haka ba. Suka kai maganar Urushalima wurin Manzanni da dattibai, wajen shekara ta 49. Bayan an yi muhawara mai tsawo, Bitrus ya tashi ya tuna musu da yadda Allah ya ba gidan Karniliyus Ruhu Mai Tsarki ba tare da kaciya ba, taro kuwa ya yi shiru. Barnaba da Bulus suka ba da labarin aikinsu. Yaƙub ya kawo maganar annabi Amos, ya nuna yadda ta dace da abin da ya faru. Aka rubuta takarda, aka ba Yahuda Barsaba da Sila su kai, a cikinta kuwa Manzanni suka jingina hukuncin ga Ruhu Mai Tsarki da su kansu tare. A 16:4 mun ga Bulus yana bin garuruwa yana miƙa hukuncin nan domin a kiyaye shi.

Mu lura da kyau. A ran nan ba a riga an rubuta Bishara ko ɗaya daga cikin huɗun da mu ke karantawa ba. Littafin da ke hannunsu Tsohon Alkawari ne, kowane sashi kuwa yana da ayarsa. Abin da ya kashe gardama shi ne zaman shugabannin da Kristi ya sanya, waɗanda suka saurari Littafi, suka duba aikin Allah, sa'an nan suka yanke magana da ta ɗaure kowa. Mu da ba zuriyar Ibrahim ba ne bisa ga jiki, albarkacin zaman nan mu ke ci har yau.

2. Duwatsun murhu uku

Kowace mace ta sani tukunya ba ta zama bisa dutse biyu. Haka Ikklisiya ta ke koya mana cewa bangaskiyarmu tana zaune bisa abu uku waɗanda ba su rabuwa: Littafi Mai Tsarki, da Gadon Manzanni, da Ikon Koyarwa. Babban Taro na biyu na Vatikan, wanda aka yi a Roma daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana wannan cikin takardar da a ke kira Dei Verbum, watau Maganar Allah. An tabbatar da ita ran 18 ga Nuwamba, 1965, da ƙuri'a 2,344, waɗanda suka ƙi kuwa 6 ne.

Littafi Mai Tsarki shi ne Maganar Allah a rubuce, ta wurin hurawar Ruhu Mai Tsarki. A kan wannan babu jayayya tsakaninmu da sauran masu bi.

Gadon Manzanni, wanda waɗansu ke kira Al'ada Mai Tsarki, shi ne dukan abin da Manzanni suka karɓa daga Kristi suka miƙa wa na bayansu ta wurin wa'azi da sujada da irin zamansu. Kada kalmar al'ada ta ruɗe mu. Cikin Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin sun sa al'adun mutane gaba da umarnin Allah. Amma cikin 2 Tasalonikawa 2:15 Bulus ya gargaɗi masu bi su riƙe abin da aka koya musu, na baka da na wasiƙa duka. Cikin 2 Timothawus 2:2 kuma ya umarci ɗansa cikin bangaskiya ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane, su kuma su koya wa waɗansu. Launin tufafin firist da harshen da a ke sujada da shi al'adu ne na Ikklisiya, a kan sāke su. Gadon Manzanni ba a sāke shi.

Ga misali wanda kowa zai iya gwadawa. Buɗe shafin farko na Littafinka inda aka jera sunayen littattafai. Wane annabi ko manzo ya rubuta jerin nan? Babu. A zamanin farko akwai ikklisiyoyin da suka yi shakkar Wahayin Yohanna, waɗansu suka yi shakkar wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, waɗansu kuma suna karanta littattafan da ba su cikin namu yanzu. A 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariya ta Masar, ya lissafta littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda mu ke da su. Taron bishop-bishop a Hippo cikin 393, da na Kartaj cikin 397, dukansu a Afirka ta Arewa, suka tabbatar da jerin duka. Babban Taro na Trent ya sāke tabbatar da shi a 1546. Shi ya sa Littafinmu ke da littattafai 73, na 'yan'uwanmu Furotesta kuwa 66. Bakwai ɗin da suka bambanta su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabi na fari da na biyu. Allah ne ya hure littattafan nan, Ikklisiya kuwa ta gane su ta shaida su. Duk wanda ya amince da jerin Sabon Alkawari ya riga ya amince da shaidarta a wuri ɗaya.

Dutse na uku, Ikon Koyarwa, yana hannun waɗanda suka gāji Manzanni. Sai mu duba ko su wane ne.

3. Matsayi uku na hidima

Yesu yana da almajirai da yawa, amma ya keɓe goma sha biyu. Da gurbin Yahuda ya zama wofi, ba a bar shi haka ba, aka zaɓi Matiyas (Ayyukan Manzanni 1:15-26). Bulus ya ɗora wa Timothawus hannu, ya bar Titus a tsibirin Karita domin ya naɗa dattibai gari gari. Gaskiya ne cikin Sabon Alkawari sunayen muƙamai ba su riga sun zauna sosai ba, gama a Ayyukan Manzanni 20:17 da 28 mutane ɗaya a ke kira dattibai, a ke kuma kira masu kula. Amma tun farkon ƙarni na biyu Ignatiyus, bishop na Antakiya, sa'ad da a ke tafiya da shi Roma domin a kashe shi, ya rubuta wasiƙu waɗanda suka nuna bishop ɗaya a kowane gari, da firistoci kewaye da shi, da dikinoni masu taimako. A wasiƙarsa zuwa Simirna ne aka fara samun sunan nan Ikklisiya Katolika a rubuce, ma'anarsa kuwa ta ko'ina da ko'ina.

Matsayin nan uku su ne har yanzu: bishop, da firist wanda mu ke kira Fada, da dikon. Babu na huɗu. Babban bishop da kadinal da Paparoma sunayen aiki ne da daraja, ba a ɗora musu hannu karo na huɗu. Kadinal-kadinal mashawarta ne, waɗanda ba su kai shekara 80 ba su ne ke zaɓen Paparoma, kamar yadda suka zaɓi Leo na 14 a watan Mayu na 2025.

Paparoma shi ne bishop na Roma, birnin da Bitrus da Bulus suka zub da jininsu. Dalilin fifikonsa yana cikin wurare uku. A Matta 16:13-19 Yesu ya ba Siman sabon suna mai ma'anar dutse, ya yi alkawarin kafa Ikklisiyarsa a kai, da ba shi mabuɗan mulki, da ikon ɗaurewa da kwancewa. Bayahuden da ya ji zancen mabuɗi zai tuna da Ishaya 22:15-22, inda aka tuɓe Shebna aka ba Eliyakim mabuɗin gidan Dawuda. Mai riƙe da mabuɗin nan kamar waziri ya ke. Gidan na sarki ne, amma shi ke buɗewa da rufewa da sunan ubangidansa, in ya kau kuma wani ya gāje shi. A Luka 22:31-32 Yesu ya yi wa Bitrus addu'a musamman, ya ba shi aikin ƙarfafa 'yan'uwansa. A Yohanna 21:15-17 ya danƙa masa kiwon garke har sau uku. Wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishop na Liyon cikin ƙasar da a ke kira Faransa yanzu, ya jera sunayen bishop-bishop na Roma tun daga Manzanni, ya fara da Linus da Anakletus da Kilemen, domin ya nuna wa masu sabuwar koyarwa inda tsohuwar ta biyo.

A nan mutane da yawa su kan yi kuskure, su kwatanta Paparoma da sarki, bishop da hakimi, Fada da dagaci. Kwatancin bai cika ba. A Matta 18:18 an ba sauran Manzanni ikon ɗaurewa da kwancewa su ma. Takardar Lumen Gentium ta 1964 ta koyar cewa kowane bishop wakilin Kristi ne cikin ƙasar da ya ke kiwo, wadda a ke kira dayosis, kada a ɗauke shi ɗan aiken Roma kawai. Bishop-bishop jiki ɗaya ne, magajin Bitrus kuwa shi ne kai. Fada da katekis suna koyarwa da izinin bishop, abin da suka karɓa shi su ke bayarwa.

Sarƙar nan ta iso ƙasarmu. Fada-fada na ƙungiyar SMA sun sauka Shendam a 1907. Jos da Kaduna suka zama dayosis a 1953, Kaduna ta sami babban bishop a 1959. Dominic Ekandem ya zama bishop na Katolika na fari ɗan Nijeriya a 1954. Francis Arinze kuwa, wanda aka naɗa a 1965 yana da shekara 32, ya halarci zama na ƙarshe na taron da ya ba mu Dei Verbum.

4. Dalilin da ya sa a ke bukatar mai raba gardama

Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye mana cewa yana da wurare masu wuya ba. Ma'ajin sarauniyar Habasha mutum ne mai ilimi, yana karanta Ishaya cikin karusarsa, amma ya gaya wa Filibus ba zai gane ba sai da mai yi masa jagora (Ayyukan Manzanni 8:26-40). A 2 Bitrus 3:15-16 an faɗakar da mu cewa cikin wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar fahimta, waɗanda marasa kafuwa ke murɗawa su jawo wa kansu hallaka.

Tarihi ya gaskata wannan. A farkon ƙarni na huɗu wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da ba shi. Bai jefar da Littafi ba, da shi ya ke yaƙi. Ya riƙe Karin Magana 8:22 da Yohanna 14:28, inda Yesu ya yi maganar girman Uba. Masu amsa masa suka riƙe farkon Yohanna da 10:30. Aya ta kara da aya, Ikklisiya ta kusa tsagewa. A 325 bishop-bishop wajen ɗari uku suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, suka yanke cewa Ɗa da Uba zati ɗaya ne. Kalmar da suka zaɓa ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Sun zaɓe ta domin kowace kalmar Littafi da aka kawo, mutanen Ariyus su kan karɓe ta su juya ma'anarta. Shaidar bangaskiya da mu ke faɗa ran Lahadi daga taron nan ta fito, aka cika ta a Konstantinoful cikin 381. 'Yan Otodoks da Angilika da Lutaran suna faɗar ta tare da mu.

5. Iyakar ikon nan

Yanzu sai mu kasa kunne sosai, gama a nan ne na waje da na gida su kan zarce. Dei Verbum ta faɗa a sarari cewa Ikon Koyarwa yana ƙarƙashin Maganar Allah, bawanta ne. Aikinsa shi ne ya saurare ta, ya tsare ta, ya bayyana ta da aminci. Alƙali ba shi ya rubuta shari'a ba, ba shi kuwa da ikon ƙara layi ko ragewa, amma in mutum biyu sun yi jayayya bisa ma'anarta, hukuncinsa ke rufe magana. Babu Paparoma ko taro da zai kawo sabon wahayi, domin wahayi ya cika cikin Kristi da Manzanninsa.

Zancen rashin kuskure na Paparoma kuwa, Babban Taro na fari na Vatikan ya bayyana shi ran 18 ga Yuli, 1870, tare da sharuɗɗa. Sai ya yi magana a matsayin makiyayi da malamin dukan Kirista, maganar ta shafi bangaskiya ko ɗabi'a, ya kuma nuna a fili cewa yana yanke ta domin dukan Ikklisiya ta riƙe. Sanannen misali tun daga lokacin shi ne na ran 1 ga Nuwamba, 1950, sa'ad da Piyus na 12 ya tabbatar da ɗaukar Budurwa Maryamu zuwa sama, bayan ya nemi ra'ayin bishop-bishop na duniya tun 1946. Hirar Paparoma da 'yan jarida ba ta cikin wannan. Wa'azin Fada ran Lahadi ma haka. Koyarwar yau da kullum ta Paparoma da ta bishop ɗinmu muna karɓarta da biyayya da ladabi, ko da ya ke ba ta kai wancan matsayi ba.

Rashin kuskure cikin koyarwa dabam ne da rashin zunubi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Bulus ya tsauta masa ido da ido a Antakiya sa'ad da ya janye daga cin abinci da al'ummai (Galatiyawa 2:11-14), gama halinsa ya saɓa wa abin da shi kansa ya koyar. Alekzanda na 6, wanda ya zauna kujerar Roma daga 1492 zuwa 1503, ya cika danginsa da muƙamai da dukiya, zamansa ya zama abin kunya. Kotunan Ikklisiya ma sun yi kuskure. A 1633 aka hukunta Galileo domin ya ce ƙasa ke kewaya rana, alƙalansa kuwa sun ɗauki wurare kamar Joshuwa sura 10 tamkar darasin ilimin taurari. A 1992 Yohanna Bulus na 2 ya bayyana a fili cewa masanan tauhidi na wancan zamani sun kuskure.

Kada kuma mu zaci akwai wani littafi a Roma inda aka ɗaure ma'anar kowace aya. A 1943 Piyus na 12 ya rubuta cewa ayoyin da Ikklisiya ta yanke ma'anarsu kaɗan ne, ya kuma ƙarfafa masana su koma ga Ibrananci da Helenanci, su binciki irin salon da kowane marubuci ya bi. Cikin kaɗan ɗin nan akwai Yohanna 3:5 game da baftisma ta ruwa, da Yohanna 20:22-23 game da gafarar zunubai, da Yaƙub 5:14-15 game da shafa wa marar lafiya mai. Ikon Koyarwa kamar shinge ne kewaye da makiyaya mai faɗi. Fili ya fi shinge yawa nesa.

6. Abin da 'yan'uwanmu ke faɗa

Tun da ya ke doka ta hana mu shaidar zur, ya kamata mu faɗi hujjar waɗansu yadda su kansu za su yarda da ita. 'Yan Otodoks, waɗanda rabuwarsu da Roma a kan lissafta daga 1054, sun yarda da gādon bishop-bishop da manyan taruka na dā, amma ba su yarda bishop na Roma yana da iko bisa dukan ikklisiyoyi ba. Martin Luther ya tsaya gaban sarki a Worms cikin 1521 ya ce Paparoma da taruka sun sha yin kuskure, saboda haka Littafi ne ya ɗaure lamirinsa. Masu bin hanyarsa su kan kawo mutanen Biriya, waɗanda aka yaba domin sun gwada wa'azin Bulus da Littattafai (Ayyukan Manzanni 17:11), da 1 Yohanna 2:27 game da shafewar da ke koya wa kowane mai bi. Su kan ce abin da ya wajaba domin ceto a sarari ya ke, ko yaro zai gane.

Mun yarda Ruhu yana cikin kowane mai baftisma. Lumen Gentium ma ta koyar cewa jama'ar Allah gaba ɗaya, daga bishop har zuwa na ƙarshe cikin masu bi, ba za su ɓata cikin bangaskiya ba. Inda muka rabu shi ne ranar da masu Ruhu biyu suka saɓa. A 1529 Luther da Zwingli suka zauna a Marburg bisa maganar Jibin Ubangiji, kowa da Littafinsa a buɗe, suka tashi ba su daidaita ba, babu kuwa wurin da za su kai ƙara. Mu muna cewa Kristi, wanda ya roƙi Uba domin mu zama ɗaya, bai bar gidansa babu mai raba gardama ba.

Akwai kuma zargin cewa an hana Katolika karatu. Mu amsa da gaskiya. An yi zamanin ƙuntatawa. Taron yanki na Tulus a 1229 ya hana talakawa riƙe fassara, dokar 1564 kuma ta ce sai da izinin bishop. Zamanin nan ya wuce. Dei Verbum ta umarta a buɗe wa kowa ƙofar Littafi, ta kuma yarda a yi fassara tare da sauran Kirista. Tun 1969 an tsara karatun Lahadi bisa shekara uku, ta Matta, da ta Markus, da ta Luka. A 2019 Paparoma Faransis ya keɓe Lahadi guda a shekara domin Maganar Allah. Mu tuna kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na fari da Hausa, na 1932, aikin masu mishan Furotesta ne. Godiya ta wajaba.

7. Yadda za mu karanta

Da fari, mu karanta kowace rana, da addu'a. Mai Littafi a akwati ba shi da bakin yin fahariya da ikon Ikklisiya. Na biyu, mu tambayi abin da marubucin ya nufa, ga wa ya rubuta, da wane salo, domin zabura ba labari ba ce, misali kuma ba doka ba ne. Na uku, kada mu cire aya daga 'yan'uwanta, gama Littafin ɗaya ne, Kristi ne zuciyarsa. Na huɗu, mu auna abin da muka gane da shaidar bangaskiya da Katekism na 1992. In mun sami ma'anar da babu wanda ya taɓa gani cikin shekara dubu biyu, mu yi shakkar kanmu tukuna. Na biyar, in abu ya shige mana duhu, mu tambayi katekis ko Fada, gama matambayi ba ya ɓata. Littafin koyarwa kuwa, mu duba ko akwai kalmar Imprimatur a farkonsa, watau bishop ya yarda a buga.

Ku kuma shugabanni, ku karanta Markus 10:42-45 da 1 Bitrus 5:1-4 da rawar jiki. Bitrus da aka ba mabuɗai shi ne ya hana dattibai nuna wa garke sarauta. Wanda ya tsawata wa mai tambaya maimakon ya buɗe masa Littafi ya ci amanar muƙaminsa, zai kuwa ba da lissafi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace hujja masu kaciya suka riƙe, ta yaya kuma aka amsa musu a Urushalima?
2. Mene ne bambanci tsakanin al'adun da Yesu ya tsauta a Markus 7 da abin da Bulus ya ce a riƙe a 2 Tasalonikawa 2:15?
3. Ta wace hanya Ishaya 22 ke haskaka Matta 16?
4. In maƙwabci ya ce muku Katolika suna ɗaukar Paparoma marar zunubi, yaya za ku amsa da tawali'u?
5. Sau nawa aka buɗe Littafi Mai Tsarki a gidanku cikin makon da ya wuce?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai da ka ba mu Maganarka, ka kuma ba mu makiyaya domin su tsare ta, ka ba su aminci, ka ba mu kunnen ji. Ka tsare mu daga girman kai cikin karatu, da ragonci kuma. Ka tattaro dukan waɗanda ke kiran sunan Ɗanka su zama garke ɗaya. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.